Wada Mai Hoto da Rumbun Balarabe

Akwai wani mutum a Cadawa da ake kira Wada Mai Hoto, wanda ke cewa daga Gazawa har Gidan Rumji babu zankon da bai shiga akwatin hotonsa ba. In ya zauna a tasha ya buɗe baki, sai ka ji wai wani zaure a Tibiri da kansa ya gyara tsayuwa ran da ya je ɗaukarsa. Wai kuma akwai katanga a Agye da ta ƙi faɗuwa damina biyu, tana jiran ya zo ya ɗauke ta tukuna.

Kada mu zalunce shi, yana da kyamara ta gaske, wadda ya sayo a Katsina wajen cin rani, kuma gini yana sonsa har zuci. Mutane ne ba ya ɗauka. In mace ta ce ya ɗaukar mata ɗanta, sai ya ce, "Gusa, kin tare mani indararo." Zankon da ke tsaye a kan soro, da dagin da magina ke zanawa a goshin zaure, tsohon ƙyaure mai ƙusoshi, jerin azara a rufin soro, su ne abokan hirarsa.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Gero ya bushe bai kai gwiwa ba. Aka rufe iyaka, fim ɗin da ake kawo wa Wada daga Katsina ya yanke. Na ƙarshe ya ƙare a kan ƙofar wani masallaci a Gazawa.

Wada ya dubi akwati, ya dubi tukunya, duk biyun wayam. Amma akwati ya fi tukunya da abu guda: in ka latsa shi yana cewa ƙyas, da fim ko babu.

Daga nan ya fara bin ƙauyuka da sabon zance. Wai masu rabon dawa a Maraɗi ba sa yarda da baki, sai sun ga hoton rumbu babu komai a ciki, sannan su turo buhuna. Wai babban buro, wato ofishin masu rabon, da kansa ya aiko shi. Inda duk ya sauka sai a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi abin da ya rage, ya latsa ƙyas ya ƙara gaba.

Haka ya iso Gangara, ya tsaya a ƙofar Balarabe.

Balarabe dattijo ne mai rumbun ƙasa da babu kamarsa a unguwar, mai ƙaton ciki, an yaɓe shi sumul, da zanen yatsu a wuyansa. Kun san dai rumbu asirin maigida ne, ko matarsa ba ta leƙa ciki. Na Balarabe ya daɗe da ƙarewa. Duk da haka kowace safiya yakan hau tsani, ya ɗaga jinkar da ke bisa, ya shiga ya fito da kwando a rufe, don kada zukatan mutanen gidansa su karye. Abin da ya rage masa a duniya shi ne irin shuka, a cikin tulu a ɗakin matarsa Hawa.

Wada ya zagaya rumbun yana kaɗa kai. Wannan karon ba ƙarya yake ba, ginin ya burge shi, har ya ji haushin rashin fim. Sannan ya tuna cikinsa.

"Baba, a ɗauke jinkar nan gaba ɗaya. Haske nika so."

Balarabe ya yi ƙasa da murya. "Malam Wada, ba a iya yi sai mutane sun watse?"

"Yunwa ka ke ji ko kunya? Zaɓi guda. Buro ba ya rabon dawa ga masu kunya."

Aka ɗauke jinka a gaban gari. Wada ya hau ya latsa, ya ce wa maƙwabta su hau su ma su gani, don ana son shaidu. Suka hau ɗaya bayan ɗaya, suka ga ƙasan rumbu fes. Wani ya sauko yana cewa, "Ashe kwandon banza tsohon nan ke ta hawa da sauka da shi." 'Ya'yan gidan suna tsaye suna ji.

Da aka watse, Balarabe ya ce wa Hawa ta ɗebo daga tulu ta yi wa baƙo fura.

"Maigida, iri ne fa."

"Na sani. Baƙo ne, kuma buhu na tafe."

Wada ɗan manomi ne. Da ya ga ƙwayar da ake dakawa, manya zaɓaɓɓu, ya san ko mece ce. Ya sani, ya kafa kai ya shanye, har ya ce da akwai ɗan nono da ta fi haka.

Da ya ga wurin da maiƙo, sai aikin ya ƙi ƙarewa. Yau rana ta yi ƙarfi, gobe inuwar zanko ta faɗi ba daidai ba. Kullum Hawa tana zura hannu a tulu, kullum hannun yana ƙara nisa.

Ran kasuwar Gangara, Wada na zaune a ƙofar gidan yana ba mutane labarin yadda kwamanda ya miƙe tsaye don ya gaishe shi, sai ga wani ramammen mutum da jaki ɗauke da azara. Sunansa Tala, daga wani ƙauye a bayan Agye. Rufin ɗakinsa ya kwance ya kawo sayarwa. Ya tsaya yana kallon Wada.

"Kai ne mai hoto?"

"Akwai wani bayan ni?"

"Tun kaka ka buɗe mana rumbuna, ka ci akuyar gwaggona. Ina buhunan?"

"Aikin gwamnati ba tuwon gidanku ba ne. Suna hanya."

"Hanyar ta bi ta Makka ne? Buɗe akwatin nan mu ga abin da ke ciki."

Mutane suka fara matsowa. Wada ya rungume kyamara, ya yi wata dariya ta raini.

"Kun ga jahilci ko? In haske ya taɓa fim, hoto ya ƙone. Rumbunan gari goma ke cikin nan. Wanda ya buɗe, shi ya hana su dawa. Ga shi, wa zai ɗauki alhakin?"

Ya miƙa akwatin. Babu wanda ya karɓa. Tala ya ɗaga sanda ya sauke. Wani ya ce a kira jandarma, wani ya ce a bari, in gaskiya ne fa? Wada ya ga ya ci gari, ya fara gyara hula.

Daga cikin zaure Hawa ta fito, da taɓarya a hannunta.

"Haske ne ba ya so?"

"Shi ne, Inna."

"To ga rumbu nan. In an mai da jinka, ko tafin hannunka ba ka gani. Ku shiga kai da maigida, ka buɗe, ya shafa ya ji. In akwai fim, ni da kaina zan daka maka sauran irin."

Wada ya ce ƙura za ta shiga. Tala ya ce ƙura ba haske ba ce. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Samari biyu suka ce ai ba komai, suka ɗaga shi kamar damin kara suka zura shi ta bisa. Balarabe ya bi shi a hankali, aka mai da jinka, aka lulluɓa tabarmi a kai.

Duhu ya rufe su. Wada ya matso har yana jin numfashin tsohon.

"Baba, don Allah ka rufa mani asiri."

"Da wane murfi? Nawa ka sa aka ɗauke gaban gari. Buɗe."

Ya buɗe. Balarabe ya zura yatsa ya shafa dama, ya shafa hagu, ya sake shafawa don kada ya ɗauki alhaki. Sannan ya ƙwanƙwasa bangon rumbu.

Daga waje Tala ya ce, "Baba, mi ka taras?"

Balarabe ya ce, "Hawa, rufe tulun nan da kyau. Rumbuna ya fi akwatin Malam Wada kaya. Nawa ko kashin ɓera akwai."

Darasi: Kada ka mai da yunwar mutane gonarka, kuma kada ka tona asirin wanda ya ba ka masauki, domin ranar da za ka nemi a rufa naka tana nan tafe. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman masu yawo da alƙawarin da babu komai a cikinsa.