Dawakan Da Suka Ƙi Sauke Garkuwa

Dalilin da ya sa dawakan nan biyu na tambarin Najeriya suke tsaye da ƙafafun baya, yara, ba dambe suke yi ba, ko da yake na ji wani mai wayo a cikinku ya ce haka.

A zamanin da, kogunan Kwara da Binuwai suka yi gardamar wanda ya fi girma, suka cika suka batse, suka cinye gonaki. Baƙar ƙasar noma ta tafi a ruwa, sai ɗan abin da wata tsohuwa, Tabawa, ta kwasa a garkuwar marigayi mijinta. In wannan ta tafi, babu sauran shuka, babu tuwo.

Ruwa ya kai mata ƙirji, ta ɗaga garkuwar sama. Sai ga dawaki biyu suna iyo, Akawal baƙi daga bakin Kwara, Bikili ja daga bakin Binuwai. Tun suna ƙanana ba sa ga maciji da juna.

Tabawa ta ce, "'Ya'yana, ku karɓe ni. Amma ɗaya ba zai iya ba, karkacewa za ta yi."

Akawal ya ce, "Iya, ni da wannan?"

Ta ce, "Kai da shi, ko ku ci ruwa a madadin ciyawa."

Suka miƙe, kowa ya tallabi gefe. Kogunan suka yi tsalle suka haɗu a kan garkuwar, suka gangara tare, suka bar farin sawunsu. Rana ta fito za ta ƙone ƙasar, mikiya ta sauka ta buɗe fukafukai, har zafi ya mayar da ita ja. Dawakan suna tsaye, shekara na bin shekara, har furfura ta rufe su, ba a gane wane ne Akawal, wane ne Bikili.

Da ruwa ya janye, Tabawa ta yi ta ɗibar ƙasar tana watsawa, ƙasar garkuwar ba ta raguwa. Furanni suka fito a ƙarƙashin kofatansu. Ta ce, "To, ku sauke ku huta."

Suka dubi juna, suka ce, "Iya, kogunan barci suka yi, ba mutuwa ba."

Shi ya sa har yau suke tsaye, ba wanda ya yarda ya fara sauke ƙafa. Tuwon da kuka ci ɗazu ma, daga ƙasar da suke riƙe ya fito.