Tunkun da Bai San Iska Ba

An yi wani Tunku a Kwarin Gora wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna wutsiyarsa na motsi, in ya tsaya ƙafarsa na bubbuga ƙasa.

Asalinsa ɗan Kan Tsauni ne, wani gari can bisa duwatsu, mil arba'in da biyu daga kwarin. Ya bar gida a ƙafa shekara bakwai da suka wuce, ranar da mahaifinsa ya ce masa a gaban jama'a bai taɓa gama abin da ya fara ba. Tsohon kuwa bai yi ƙarya ba. Tunku ya bar gonar acca rabi a nome, ya bar ɗakinsa ba jinka.

Da ya sami keke, ya koyi hawa a kan miƙaƙƙen titin kwari, sai ya aika saƙo gida: "A gaya wa Baba, ranar kasuwa ya zauna a ƙofar gari. Zai ga wanda zai shigo a gaban ayari."

Ayarin ba wani babba ba ne. Gadu ne, mai faɗin baya da haƙuri, da Beguwa, wadda ba ta mantuwa kuma ba ta haɗiye magana. Su biyun sun saba hawa Kan Tsauni a keke kowace shekara kafin ruwa ya sauka. A bana suka yarda Tunku ya bi su.

Da sassafe, kafin su hau, Gadu ya bayyana masa tsarin tafiya. "Ɗana, tudu bakwai ne a gabanmu, iska kuma daga sama take saukowa, ta fuskance mu. Wanda ke gaba shi ke tare ta da ƙirjinsa, na baya su ɓuya a jikinsa. Saboda haka karɓa-karɓa muke yi. Kowa mil biyu a gaba, sannan ya koma baya ya huta."

"Na ji, Kawu, na ji," in ji Tunku, ƙafarsa tuni a kan feda. "Mu tafi mana, rana na yi."

Gadu ya fara. Tunku ya manne masa a baya, tayarsa ta gaba kamar za ta taɓa ta Gadu. Nan ya ji wani daɗin da bai zata ba. Keken na tafiya kamar ana jan sa da igiya. Sai ya ce a ransa, idan ya adana ƙafafunsa haka har tudu na bakwai, ba mai hana shi shiga gari a gaba.

Beguwa ta karɓi mil biyunta. Da suka kai dutsen mil na huɗu ta waiwayo. "Tunku, naka ne."

"Gwaggo, sirdina ya kwance. Bari in lallaɓa shi tukuna."

Gadu ya wuce gaba. A dutsen mil na takwas, ƙwaro ne ya faɗa wa Tunku a ido. A na goma sha biyu, sarƙarsa ce take wani kuka da bai gane ba.

"Ni ban ji kukan sarƙa ba," in ji Beguwa. "Naka kawai nake ji."

"To ke wa ke iya bin bayanki? Ƙayoyinki duk a miƙe. In kika taka birki sai na rasa ido!"

"Ai ba bayana na ce ka bi ba, gabana na ce ka shiga."

"Ki bar shi," in ji Gadu yana haki. "Hawan farko ne. Zai karɓa."

Ya karɓa kuwa, sau ɗaya. Bayan tudu na uku akwai wata doguwar gangara tsakanin manyan duwatsu, inda iska ba ta shiga. Nan Tunku ya yi wuf ya wuce su, yana kaɗa ƙararrawa, ƙafafunsa a sake. Da ya kai ƙasa ya juyo yana dariya.

"Ga shi na yi gaba! Ina iskar da kuke ta faɗa?"

"A gangara ko tulu aka saka sai ya riga mu sauka," in ji Beguwa. "Ga tudu na huɗu nan, ci gaba mana."

Amma da hanya ta fara miƙewa sama, Tunku ya riga ya koma mazauninsa.

Da rana ta take suka tsaya a bakin wani rafi. Gadu ya sauka a hankali, gwiwarsa ta hagu na rawa. Ya sha ruwa ya kwanta a inuwar dutse. Beguwa ta kwance ƙunshin dankali, tana ci tana matsa cinyoyinta. Tunku kuwa ya kasa zama. Ya je bakin hanya ya dawo, ya latsa tayoyinsa, ya dubi rana, ya sake latsa tayoyin.

"Kasuwa fa da la'asar take watsewa," in ji shi. "Baba ba ya iya dogon zama."

"Da ka karɓi rabonka, da yanzu mun wuce tudu na biyar," in ji Beguwa. "Sau biyar aka kira ka, sau biyar Gadu ya amsa. Dubi ƙafarsa."

Tunku ya duba, amma abin da ya gani daban ne. Ya ga tsofaffi biyu da suka gaji, ya ji kansa garau kamar yanzu ya tashi daga barci. A nan ne dabararsa ta safe ta rikiɗe ta zama wani abu. Ya manta cewa ɓuya ya yi. Ya fara yarda cewa ya fi su ƙarfi ne kawai, maganar iska kuma ƙorafin masu shekaru ce.

Suka hau na biyar, suka hau na shida. Yanzu Gadu ba ya iya cika mil biyu, Beguwa ke karɓa tun kafin dutsen mil ya bayyana. Tudu na bakwai ya fi duka tsawo, yana lanƙwasa hagu da dama, kowace kwana sai ka ce ita ce ta ƙarshe. Ba abin da ake ji sai ƙarar sarƙa da numfashi.

Da suka kai bisa, ƙasa ta buɗe. Fili ne fetal, mil biyar, ba itace ko ɗaya, ciyawa duk ta kwanta ta fuskanci inda suka fito. Can nesa ga rufin ɗakunan Kan Tsauni, ga ƙaton mangwaron ƙofar gari.

Tunku ya ɗaga murya. "Kawu, Gwaggo, na gode da rakiya. Sai kun iso!"

"Kada ka fita yanzu, ɗana," in ji Gadu. "Nan ce..."

Tunku bai tsaya jin sauran ba. Ya karkata kan keke, ya fito daga bayan Gadu, ya miƙe tsaye a kan feda.

Iskar ta same shi a ƙirji kamar an rufe masa ƙofa a fuska. Ta cika masa baki, ta kwantar masa da kunnuwa, ta sa idanunsa hawaye. Ya taka da dukan ƙarfin da ya adana tun safe, kuma da farko ƙarfin ya yi aiki. Ya ba su rata mai kyau. Ya waiwaya ya gan su ƙanana, ya yi murna.

Mil ɗaya ya yi haka. A na biyu cinyoyinsa suka ɗauki zafi. Bai san yadda ake sunkuyar da kai a rage jiki ba, bai san yadda ake raba ƙarfi ba, domin duk wannan a gaba ake koyonsa. Ya yi ta kokawa da iskar a tsaye, keken na tangaɗi. Mangwaron kuwa yana nan inda yake, ko kaɗan bai matso ba.

Kafin dutsen mil na uku ƙafarsa ta dama ta ɗaure. Ya faɗi gefe cikin ciyawa, keken a kansa. Ya tashi ya hau, ya taka sau goma, ya sake sauka. Ko turawa da hannu ma sai da ƙyar.

Yana nan tsaye ya ji ƙarar sarƙa a bayansa. Ga su nan tafe a hankali, Gadu a gaba kansa a sunkuye, Beguwa a biye.

"Sannu da isowa gari," in ji Beguwa. "Ya mutanen gida?"

Gadu ya rage tafiya, bai ko dubi Tunku ba. "Hau. Shiga bayana, kada ka ɗaga kai."

Ya hau, ya shige, ya ƙanƙance jikinsa a bayan wannan faffaɗan baya. Duk lokacin da ya leƙo kaɗan, iska ta mare shi ya koma. Da suka matso kusa har ana jin hayaniyar kasuwa, ya ce a ransa zai fito ko da taku ashirin ne na ƙarshe. Ya gwada. Ƙafar ta ƙi.

Jama'a na tsaye a ƙarƙashin mangwaro, domin saƙon Tunku ya zaga gari. A tsakiyarsu ga tsohon, mahaifin Tunku, zaune a kan turmi, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya kare ido da hannu. Tun hantsi yake wurin.

Yara suka ruga suna ihu: "Ga su nan! Gadu ne a gaba! Su biyu ne!"

Tsohon ya miƙe da sandarsa. Ya dubi Gadu, ya dubi Beguwa da ta fito gefe, ya dubi hanya a bayansu, ba kowa.

"Sannunku da hanya," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "An ce mini ɗana na tare da ku. Ko ya fasa ne?"

"Bai fasa ba, Baba," in ji Beguwa, tana sauke ƙafa a ƙasa. "Yana nan inda yake tun safe. Gadu, ɗan matsa su gaisa."

Darasin wannan labari shi ne, sauƙin da kake ji a cikin tafiyar jama'a sau da yawa ba ƙarfinka ba ne, wani ne ke gabanka yana ɗaukar wahalar da ba ka gani. Wanda ya ƙi karɓar rabonsa na wahala ya cuci abokan tafiyarsa, kuma ya hana kansa koyon abin da zai buƙata ranar da ya tsaya shi kaɗai. Ku yara, idan aka kira ku gaba, ku fita tun da sauran safiya. Akwai waɗanda ba su gane wanda ya tare musu iska ba sai bayan ya daina hawa keke, lokacin da babu sauran wanda za a yi wa godiya.