Kurege da Kogin da Ke Komawa Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege ne kwaɗayi ya kai shi cikin buhun gyaɗa. Ya ci, ya ci, barci ya kwashe shi. Bai farka ba sai a jirgin ruwa, jirgi bai tsaya ba sai a wani ƙaton tsibiri a tsakiyar teku.

Kai jama'a, tsibirin nan akwai kogi! Daga duwatsu yake gangarowa, ya ratsa kurmi, ya ratsa fadama, ya faɗa teku. Zafi kamar ɗakin girki, kullum la'asar sai an sheƙa ruwa. Birai ne masu garin, gidajensu a kan dogayen turaku, kwakwarsu a rataye a sama.

Kurege ya sauka gidan wata tsohuwar birinya, Inna Tambai. Ya ce, "Inna, yaushe rani yake shigowa a nan?"

Ta ce, "Rani kuma? Ci ake yi?"

Ya ce a ransa, waɗannan ba su san komai ba.

Da safe birai suka tafi kurmi. Kurege ya leƙa, sai ga kogi ya ja baya, yashi fili guda. Ya daka tsalle: "Ga rani ya zo!" Ya hau, ya tsinko kwakwar Inna kaf, ya mirgina, ya tona yashi ya binne, yadda ya saba ɓoye gyaɗa a gida. Ya ji an ce biran nan, in sun kama ɓarawo, wani kada da ke kogin suke jefa wa. Amma wa zai gani? Ya hau kan ramin ya miƙe ƙafa.

Abin da wawan bai sani ba, teku ce ta ja ruwanta, kuma sau biyu a yini take maido shi. Sai ga ruwa ta ƙasa, teku na turo shi. Sai ga ruwa ta sama, hadari ya ɓarke. Yashi ya narke, kwakwa ta fito ɓul, ɓul, ɓul! Kurege ya ɗafe guda yana ihu. Kogi kuwa ya juya baya, ya kwaso su, bai dire su ko'ina ba sai ƙarƙashin gidan Inna, birai sun dawo, sun cika wurin suna neman ɓarawo.

Kada ya ɗago kai yana hamma. Amma bakin Kurege bai mutu ba.

"Na kamo shi! Inna, kogin nan ne ɓarawonku! Ya nufi teku da kayanki, na sha gabansa, na daka masa tsawa, ya juyo!"

Birai suka ɗau sowa. Inna Tambai ta dubi faratansa cike da yashi, ta yi murmushi.

"Sannu, ɗan nan. Tunda kogi kai yake tsoro, kai ne mai gadi. Ku ɗaure shi a jikin turke, kada ruwa ya tafi da jarumi."

Kada dai bai samu naman Kurege ba. Amma sau biyu kullum ruwa yake kai wa Kurege wuya, yana tsawa, kogi bai ji, kwakwa na lilo bisa kansa, ko ɓawo bai taɓa lasa ba.

Ƙurunƙus kan busasshen kifi! In za ku yi ɓarna a baƙon gari, ku fara tambayar inda ruwansu yake nufa.