Unguwar Bayan Majema

An yi wani sarki a wani babban birnin fatake, wanda Allah ya hore wa dukiya da son alheri, amma ya rage masa sanin inda alheri ya kamata ya tsaya. Yana ƙaunar masu ƙago abin da ba a taɓa gani ba, har ya sa aka gina musu sabuwar unguwa a jikin fada, da rumfuna masu faɗi da rijiyoyi da inuwar ceɗiya. Aka yi shela, aka zuba ido, ba wanda ya tare. Duk mai sabuwar dabara a birnin, maƙeri ne ko masaƙi ko baduku, sai ka iske shi ya kutsa can bayan majema, inda ake jiƙa fatu, a wani lungu mai warin da jaki ma kan yi gardama kafin ya shiga.

Abin ya sosa ran sarki, ya kira wazirinsa Haliru, mutum mai ilimi da tsoron Allah, ya ce, "Ya Waziri, na ba mutanen nan inuwa sun zaɓi ɗoyi. Ka binciko mini hujjarsu kafin watan nan ya mutu. In babu hujja, to taurin kai ne, zan sa a rushe lungun a kwaso su nan, suna so ko ba sa so."

Waziri ya sa tufafin talakawa, ya toshe hanci da bakin rawani, ya nufi maƙerar Jatau, wanda suka yi karatun allo tare tun suna yara. Nan ya ga majemi yana miƙo fatar zugazugi ta kan katanga, ga kuma wani masaƙi zaune a bakin wuta suna musu da Jatau a kan ƙarfen da zai riƙe masaƙa mai faɗin da ba a saba ba. Ya gaya wa Jatau abin da ya kawo shi, ya ce ai ga amsa nan, kowa na bukatar maƙwabcinsa.

Jatau ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko'ina aka tara mu za mu yi shi. Ka tuna Mantau, wanda ya ƙera kwaɗon da ɓarawo bai taɓa buɗewa ba? Fadawa suka gani suka kai gaban sarki, aka yafa masa riga, aka ba shi sarauta, aka ce irin wannan sai fada. Tun ranar bai sake ɗaga guduma ba, yana can zaure yana faɗuwa gaisuwa. Bafade mai babbar riga da turare ba ya shigowa nan. Warin nan da kake toshe wa hanci shi ne ganuwarmu. Don zumunci na gaya maka, kuma amana ce."

Waziri ya koma gida zuciyarsa a cunkushe, domin in ya yi shiru za a rushe unguwar, in ya yi magana ya tona asirin abokinsa. Ya auna ya sake aunawa, ya ga rushewa ta fi muni, ya kuma dogara da cewa sarkin nan ba azzalumi ba ne. A nan ne lissafinsa ya kuskure, don bai yi zaton kirki ma yana rusa gari ba.

Da fada ta cika ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan ba inuwarka suka ƙi ba, karamcinka suke gudu. Sabon abu yana son maƙwabcin da zai kushe shi a gyara, da kasuwar da za ta saya, da wurin da zai lalace ba a gani ba. A kusa da kai kuwa, ranar da aka yabe shi ranar ake rufe shi. Shi ya sa suka nemi inda ya yi kusa da kasuwa, ya yi nisa da hancin manya."

Idanun sarki suka kawo ruwa. Nan take ya soke al'adar keɓe wa fada sabon abu, ya sa aka yafa wa Waziri alkyabba, aka ba shi doki da gona. Sa'an nan ya ce, "Ashe bayin Allah nan saboda ni suke shan wari. To, ba za su ƙara shaƙarsa ba. A fitar da majema bayan ganuwa, a cike ramukan jiƙa fatu, a faɗaɗa musu hanya." Fadawa suka ɗauki kirari. Waziri ya buɗe baki zai yi magana, ya ji nauyin alkyabbar a kafaɗunsa, ya ga bai dace wanda aka karrama yanzu ya musa wa sarki ba, sai ya haɗiye.

Iska ta gyaru, hanya ta buɗe, fadawa suka fara kai ziyara da rigunansu tsaf. Ba wanda ya ƙwaci komai, doka ta hana. Yabawa kawai suke yi, in bafade ya yaba abu kuwa, talaka bai isa ya bar shi ya tafi hannu sake ba. Kafin damina ta zagayo lungun ya yi tsit.

Waziri ya je ya iske Jatau yana ɗaure uwar maƙera a bayan jaki. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya ce, "Ɗan'uwana, don in cece ku na yi. Ina za ka?"

Jatau ya dubi alkyabbar, ya ja igiyar jakinsa, ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma wannan karon ba zan gaya maka ba."

Sarki ya rayu yana ganin ya yi adalci, Waziri ya tsufa yana sane da abin da aka yi. Ku sani, ya ku masu hankali, adalcin mai mulki bai cika da kyautar da ya bayar ba, sai ya tambayi talaka abin da yake so a bar masa.