Ranar da Ɗanliti Ya Fasa Katangarshi

Akwai wani Ɗanliti a Sheme, irin mutanen nan da in ka ji ana shewa bakin kasuwa, tau shi ne a tsakiya. Ranar da zancen nan ya fara, shina tsaye tsakar gidanshi, wando naɗe har gwiwa, shina kwarfe ruwa da ƙwarya. Matarshi Suwaibatu kuma na bin takalman da ruwa ke tafiya da su.

"Suwaiba, wancan nawa ne, kamo shi!"

"Malam, ƙafa ɗaya na gani. Ɗayar ina jin ta kai garin Mairuwa."

Dariya suke, amma abin ba na dariya ba ne. Gidan nan shi ne duk abin da Ɗanliti ya mallaka. Shekara da shekaru shina noman masara, in ya sayar ya sayi bulo ya aje, har ya tada shi. Sai dai gidan a gangare yake, can ƙarshen lungu. Akwai tsohon lambatu da ya bi ta ƙofar gidan ya sauka fadama, amma ya cike taf da yashi da toka da leda, don duk unguwa nan ake juye shara. In aka yi ruwa ya rasa hanya, sai ya yi sallama zauren Ɗanliti. Har bangon ɗakin kwana ya fara tsagewa daga ƙasa.

Da ya ga tsagar nan, ya ce shi kam ya gaji. Ya kira magini, suka ja katanga iya gwiwa, ta gitta lungun, ta hau kan lambatun ta toshe shi ruf.

Tau sama kaɗan da nan akwai gidan Baba Nata'ala, tsohon ginin ƙasa. Dattijo ne mai haƙuri, ba a taɓa jin muryarshi sama ba. Ya fito da sandarshi ya daɗe shina kallon katangar.

"Ɗanliti, sannu da aiki. Ruwan nan in ya zo ya iske an rufe mashi, ina za ya nufa?"

"Baba, ruwa ai ba ya rasa dabara. Za ya lallaɓa ta gefe."

"Gefen nan katangata ce."

"Haba Baba, ginin mutanen da ai ƙarfe ne. Ba abin da za ya same shi."

Baba ya ce, "Allah ya sa," ya koma gida. Bai kai ƙara wurin kowa ba.

Yanzu ga inda abin yake. Ɗanliti na da wani taubashi, Uwais, ɗan kawunshi. Kun san dai wasan taubasai, tau na waɗannan ya wuce misali. Kowa cewa yake shi ne ubangidan ɗaya. Uwais ya taɓa kiranshi a waya ya ce sanshi ya tsinke ya bi titi, Ɗanliti ya baro gona da gudu ba hula, ya iske sa kwance shina tuƙa. Shi kuma ya rama, ya faɗa ma surukan Uwais wai likita ya hana shi nama, aka yi ta ba bawan Allah tuwo miyar kuka zalla ana mashi sannu.

Uwais ɗin nan kuma a ƙaramar hukuma yake aiki, cikin masu zagayen duba gine-gine da hanyoyin ruwa.

Ranan da hantsi sai ga shi kan babur, da gwangwanin jan fenti ɗaure a baya. Ya tsaya ya dubi katanga, fuskarshi ba walwala.

"Ɗanliti, wa ya ba ka izinin wannan?"

"A'a, bawana! Ka zo shara? Tsintsiya na zaure."

"Aiki ya kawo ni. Doka ta hana gini kan hanyar ruwa. Ka rushe ta da kanka kafin a zo a rushe maka."

Ɗanliti ya riƙe ciki don dariya. "Kai, wanga karo ka shirya! Har da ɗaure fuska. Suwaiba, fito ki ga gwamna!"

"Wallahi da gaske nake."

"Ranar da ka ce sana ya tsinke ma wallahi ka ce."

"Ranar sa ban rantse ba."

"Tau ka kusa."

Uwais ya buɗe fenti ya zabga ma katangar jan gicciye. Ɗanliti ya ce ya gode da ado, dama farin bulo bai mashi kyau. Kafin Uwais ya ankara, ya fizge buroshin ya shafa ma tankin babur irin wannan alamar.

"Shi ma ya tare hanya, a rushe shi."

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Shi kanshi Uwais sai da dariyar ta kusa ƙwace mashi, kuma wannan ita ta ɓata komai, don Ɗanliti ya gani. Ya ce, "Ka gani ko? Na kama ka!"

Uwais ya tada babur ya ce, "Mako mai zuwa za mu dawo da ma'aikata. Na dai faɗa maka."

Da ya tafi Suwaibatu ta ce, "Malam, ni fa idon nan nashi bai yi mani kama da wasa ba."

"Ke ba ki san Uwais ba. Kuma ko da gaske ne, ɗan kawuna ne a ofis ɗin. Wa za ya taɓa mani katanga?"

Jama'a, ba a kai mako mai zuwan ba.

Wata rana bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Aka kece da ruwa irin na tsakiyar damina. Ɗanliti ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya miƙe ƙafa. Ƙasa a bushe ƙayau. Daɗi ya cika shi har ya rasa wa za ya faɗa mawa, sai ya danna ma Uwais kira.

"Bawana, zo ka ga zaure. Ko kaza ba ta jiƙa ƙafa ba."

"Ka leƙa gidan Baba Nata'ala?"

"Mi zan gani?"

"Ka dai leƙa."

Ya leƙa.

Lungun ya zama tafki. Duk ruwan unguwa ya zo ya daki katangarshi ya koma baya, ya kwanta jikin ginin Baba. Ƙasar gindin bangon na narkewa tana faɗowa gaɓa-gaɓa. Kuma bayan bangon nan ɗakin Inna Hajaratu ne, matar Baba, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

Ga Baba nan tsaye cikin ruwa har ƙauri, da tsohon shebur, shina ɗebo laka shina manna ma bango, ruwa na wankewa. Ya ɗago suka haɗa ido. Ɗanliti ya jira zagi, ko Allah ya isa.

Baba ya ce, "Ɗanliti, koma ciki kar sanyi ya kama ka."

Wallahi da marinshi ya yi da ya fi sauƙi.

Ya ruga cikin gida ya ɗauko diga. Suwaibatu na bakin ƙofar ɗaki.

"Malam, ka san inda ruwan za ya shigo in ka fasa."

"Na sani. Ɗaga katifa."

"Tun da na ji ka yi shiru na ɗaga. Je ka."

Ya fito ya hau katangar nan da sara. Katangar da ya sayar da masararshi ya gina, shi ke dukanta kamar ta zage shi. Siminti ya kama sosai, diga sai tsalle take. Shina cikin haka sai ga babur mai jan gicciye a tanki ya kutso cikin ruwa. Uwais ya diro jiƙe sharkaf da guduma a hannu.

"Na ce ka rushe, ban ce ka jira sai ana ruwa ba!"

"Yi mani shiru ka daki can!"

"Ka ce don Allah ubangidana."

"Uwais, Inna na ciki!"

Nan wasa ya ƙare. Suka haɗu suka yi ta duka har bulo ya buɗe baki. Ruwa ya kwararo da ƙarfi ya kwashe su duka biyu ya zubar, ya wuce kai tsaye zauren Ɗanliti. Tafkin ya fara janyewa daga bangon Baba. Bangon ya ci duka, amma shina tsaye.

Gidan Ɗanliti kam ya sha. Tsakar gida ta zama kogi, kaji sun hau gado, tukunyar miya na yawo ita kaɗai. Da aka ɗauke ruwa ya je ya tsuguna gaban tsagar nan ta ɗaki, ya ga ta ƙara baki. Damina ko rabi ba ta yi ba.

Washegari bayan an sallame sallar asuba, Baba Nata'ala ya miƙe cikin masallaci. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko allura ba.

"Jama'a, gayya nake kira. Jiya yaron nan ya zaɓi gidanshi ya ci ruwa don nawa ya tsira. Kuma sharar da ta toshe lambatun nan, duk wanda bai taɓa zubawa ba ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Liman ma sai ya shiga gyara rawani.

Mai unguwa ya aika aka kira Uwais ya faɗi abin da doka ta yarda da shi. Ya ce toshe hanyar ruwa ne ba a yarda ba. Amma yashe ta, zurfafa ta, da mutum ya ɗaga dokin ƙofarshi cikin iyakarshi, wannan ko yau a fara, shi za ya tsaya ya nuna inda za a bi.

Kai, ku zo ku ga gayya! Matasa da shebur, dattawa da kwandon kwasa, mai kalangu na zuga su. Mata suka ɗora dambu da kunun tsamiya. Abin da aka tono cikin lambatun nan kuwa sai wanda ya gani. Tsohon bokiti, ƙafar keke, rediyo, har da turmi sukutum. Duk abin da aka ciro sai a ɗaga sama a yi cigiya, mai shi ya sunkuyar da kai ana mashi ihu. Wani ya gane butarshi da ya daɗe shina zargin maƙwabci da ita, ya je ya ba shi haƙuri gaban kowa.

Kafin la'asar an buɗe lambatu har fadama. Aka ɗaga ma Ɗanliti dokin ƙofa, aka ɗinke tsagar ɗaki, aka yi ma bangon Baba sabon yaɓe.

Ruwan da ya biyo baya ya fi wancan ƙarfi. Duk lungu aka fito bakin zaure ana kallo, kamar ana wucewa da amarya. Ruwa ya bi hanyarshi fuuu, bai leƙa gidan kowa ba. Inna Hajaratu ta sa aka fito da ita kan kujera, ta rangaɗa guɗa, ta aika ma Suwaibatu da ƙwaryar fura.

Ɗanliti ya dubi Uwais da ya fake a zaurenshi ya ce, "Tau ni yanzu ya zan riƙa gane ranar da kake da gaske?"

Baba Nata'ala ya ce, "Ni zan raba ku. Uwais, duk ranar da aiki ya kawo ka, ka tsaya bakin ƙofa ka yi cikakkiyar sallama, ka gaishe shi da ladabi kamar baƙo."

Uwais ya gyara tsayuwa, ya rusuna. "Salamu alaikum. Malam Ɗanliti, an wuni lafiya? Ya iyali?"

Ɗanliti ya zabura ya miƙe. "Innalillahi! Mi na kuma yi?"

"Ba komai. Furar nan za ka miƙo."

Darasi: Duk dabarar da za ta tsare gidanka ta tura bala'in gidan maƙwabci, ba dabara ba ce, ka canza ma matsalar ƙofa ne kawai. Gaskiya kuma ko daga bakin abokin wasa ta fito, a saurare ta, kuma ɗan'uwa a ofis ba ya hana ruwa bin gangare. Ku tura ma mutanen unguwarku labarin nan tun hadari bai haɗo ba.

Ni dai tambayata, lambatun ƙofar gidanku, yaushe rabon da a sa mashi shebur?