Tabarmar Lalle a Gidan Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

A wani gari na dabbobi an yi wata Agwagwa mai lambu a bakin kududdufi. Lambu kam ya amsa sunansa, ga ayaba, ga gwanda, ga rama da alayyahu kore shar. A al'adar garin, duk amaryar da za a sa a lalle, a gidan da ya fi kowanne kyau ake shimfiɗa mata tabarma, mata su taru su wuni. Shekara da shekaru tabarmar nan ba ta san ƙofar kowa ba sai ta Agwagwa. Ita kuwa ba abin da take so a duniya kamar ta ji ana cewa a gidanta za a yi. Ko ba ta karya ba, wannan maganar kaɗai ta ƙosar da ita.

A bayan katangarta akwai maƙwabciyarta Bushiya. Ita rabonta a kan fako ya faɗa, daga tsakuwa sai yashi, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Sai Bushiya ta shiga yawon duwatsu tana tsinto tsiran da ba su damu da ruwa ba. Yau ta zo da kabar giwa, gobe karan masallaci, jibi moda. Ta dasa wasu a fasassun tukwane, wasu a tsohon turmi. Ta sa tinya mai farin ruwa a kusurwa, ta kafa bishiyar kariya a tsakar gida. Agwagwa kan leƙo ta yi dariya, ta ce mai ƙaya ta tara danginta.

Sai wata shekara damina ta yi rowa. Bazara na shigowa kududdufi ya ja da baya, ayaba ta sunkuyar da kai, alayyahu ya ƙone. Tsiran Bushiya kuwa ko a jikinsu. Ana nan sai Kurciya, wadda za ta aurar da 'yarta, ta biyo ta unguwar, ta tsaya a ƙofar Bushiya ta daɗe tana kallo. Agwagwa na bayan katanga ta ji tana cewa bana sai an duba da kyau kafin a shimfiɗa tabarma.

Maganar nan ta tsaya wa Agwagwa a rai. Hassada ta kama ta, irin wadda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Ta ce a ranta duk abin da Bushiya ke da shi, sai ta yi wanda ya fi shi.

Sai ta yafa murmushi ta shiga gidan Bushiya, ta ce a ɗan sam mata irin tarkacen nan ta jefa a bayan ɗaki. Bushiya ta karyo mata reshe-reshe, ta ce, "Yaya, kada ki dasa yau. Ki ajiye su a inuwa sai bakin karayar ya bushe. Ki sa su a yashi da tsakuwa. Ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, sannan ki ɗan yayyafa."

Agwagwa ta yi godiya ta fito tana tsaki. Wai ta hana shuka ruwa! Ita da aka haife ta a ruwa, ta girma a ruwa, har 'yar tsurut ɗin nan za ta yi mata wayo? Ai so take su mutu a hannunta a yi mata dariya. Nan take ta cusa su cikin taɓo. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Ba a jima ba suka yi laushi, suka ruɓe, wari ya tashi. Sai Agwagwa ta ce ta gane, marasa lafiya aka zaɓo mata.

Sai ta sake shawara. Bushiya kan zo jefi-jefi ta ɗebi tulu guda a kududdufin. Ran nan tana zuwa Agwagwa ta tare hanya ta baza fuka-fukai, ta ce ruwa ya yi ƙasa, kowa ya nemi nasa. Bushiya ba ta yi musu ba, ta koma can rijiyar bayan gari tana samo na sha. Agwagwa ta hau katanga tana jiran ta ga tsiran sun bushe. Tana can tana gadin gidan wani, nata lambun ko kallo bai samu ba, har gwanda ta bi ayaba. Ita kuwa kariya, da ta ji ƙishi sai ta zubar da ganye, ta fashe da fure ja da fari, tun daga kan titi ake hango ta. Ran nan sai Kurciya ta dawo da ƙawayenta, aka yi ta shewa a ƙofar Bushiya.

To, nan fa Agwagwa ta rasa inda za ta sa ranta. Ta bari sai ranar kasuwa, gari ya watse, Bushiya ta tafi sayen gishiri. Sai ta dira cikin gidan. Ta kama karan masallaci ta kakkarya. Ta yayyaga 'ya'yan kabar giwa daga jikin uwarsu. Ta gutsuttsura moda ta watsar. Ta nufi kariya, sai ta ce bari ta fara gamawa da waccan ta kusurwa. Tana kafa wa tinya baki, farin ruwan ya feso mata a fuska.

Wuta ke nan ba hayaƙi. Agwagwa ta faɗi tana birgima, ido ya rufe, fuska ta tashi. A haka Bushiya ta dawo ta same ta. Ta ɗauko ɗan ruwan da ya rage a tulunta ta wanke mata fuska, ta tsinci ganyen kabar giwa a ƙasa ta matsa mata ruwansa mai sanyi. Sannan ta dubi tsakar gida ta ce, "Yaya, kin rage mini aiki. Na daɗe ina so in raba su su yi yawa, hannuna ne gajere."

Bushiya ta tattara gutsattsarin ta shanya a inuwa, suka bushe baki, ta dasa a ƙananan kasake. Kafin ranar biki duk sun kama. Aka shimfiɗa tabarmar lalle a gindin kariya, fure na faɗowa kan amarya. Kowace mace da ta zo ta tafi da kasko guda a hannu. Agwagwa na ƙuryar ɗaki da kumburarriyar fuska, guɗa na shigo mata ta saman katanga. Abin da ya fi yi mata ciwo, tana ji ana yaba tsarabar, ta kuwa san bakin da ya yanka ta.

Da yamma Bushiya ta aiko mata da nata kaskon, mafi kyau a ciki, ta ce a tuna mata da maganar ruwa. Agwagwa ta dube shi da ido ɗaya, ta ce har yanzu yarinyar nan ba ta daina yi mata baƙin ciki ba. Ta ɗauko buta ta cika kaskon fal da ruwa.

Shi ya sa har gobe za ku ga fuskar agwagwa ja, duk ƙuraje, kuma ko ina ta ga shuka sai ta kwaɓa gindinta da taɓo. Wanda hassada ta shiga kunnensa, ko gaskiya aka gaya masa makirci yake ji, sai ya yi wa wanda yake ƙi aiki kyauta, nasa kuma ya lalace.

Kurunkus! Na ajiye ta a inuwa, kada wanda ya zuba mata ruwa.