Baƙin Allo a Shagon Surfani

Auta mutum ne mai basira, hannunsa kuma ya iya aiki, amma Allah ya jarrabe shi da gaggawa da saurin fushi. In ya kunna abu bai tashi nan take ba, to abin nan ya zama abokin gabarsa. Shagona na buga takardu yana manne da nasu, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shagon surfani ne mahaifinsu ya rasu ya bar musu, shi da yayarsa. A ciki akwai injin surfani da wata tsohuwar kwamfuta da farinta ya koma ruwan ƙasa don tsufa. Ita ke tura wa injin zanen da zai ɗinka, kuma injin ba ya jituwa da sababbin kwamfutoci, sai ita. Duk zanen da tsohon ya ƙirƙira da hannunsa, na wuyan riga da na bakin hannu da na matashin kai, yana cikin faifan ajiyarta, babu kwafinsa a ko'ina. Don zanen nan mutane ke zuwa shagon, ba don kyan fuskar Auta ba.

Kwamfutar dai akwai nawa. Kafin ta buɗe zane ɗaya, mutum zai je ya sha ruwa ya dawo. Abin ya ishi Auta, sai ya je wurin mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta ya sayo katin hoto, wani ɗan falle da ake sokawa a cikinta don zane ya riƙa fitowa da sauri.

"Bari mu kwafe zanen Baba tukuna," in ji Yaya. "Ko wuni guda zai ci, mu yi."

"Haba Yaya! Kati kawai zan soka, ba tiyata zan yi mata ba. Ke komai sai kin ja shi kamar roba."

Ta girgiza kai, ta fita kai wa wata mata ɗinkinta. Tana ba da baya ya ɗauko sukudireba, ya buɗe akwatin kwamfutar, ya soka katin, ya kunna. Fanka ta juya, 'yar fitilar gaba ta kama, kwamfutar ta yi ɗan ƙaranta irin na kullum. Allo kuwa baƙi ƙirin.

Ya kashe daga bango ya sake kunnawa. Ya maimaita har na gaji da jin ƙarar makunnin. Ya zabga wa allon mari kamar ya zagi uwarsa. Daga nan ya faɗo shagona ko sallama babu, ya sunkuci nawa allon, ya jona a inda ya cire nasu. Shi ma baƙi.

Na bi shi na ce, "Auta, ka sarara. Kwamfutar nan fa da ranta, ga fanka tana yi. Ka cire katin mana ka ga ko za ta dawo yadda take."

"Malam, ka tsaya a buga takardunka. Ni in cire abin da na saka da hannuna? Sai ta yi aiki da shi ko ta ƙi Allah!"

Ya kira mai kayan kwamfuta a waya, ya buɗe murya har masu wucewa suna juyowa.

"Macuci! Mataccen kaya ka sayar min, ka ga mai sanyi ko?"

"Tsaya, tsaya," na jiyo mutumin yana cewa. "Kebul ɗin allon, a ina ka..."

"Ni za ka koya wa jona kebul?" Ya katse kiran.

Da ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, sai ya koma kan faifan ajiya. Wai ai shi ne tsoho, shi ne ya ƙi karɓar sabon kati. Ko kashe kwamfutar bai yi ba, ya kwance faifan yana ta juyi, ya ajiye shi a gefen tebur da wayoyinsa a jiki. Ya kalli allo, baƙi. Sai ya dunƙule hannu ya naushi teburin da iya ƙarfinsa. Faifan ya zame, ya fizge daga wayoyinsa, ya faɗi tim a kan siminti. Wallahi sai da gabana ya faɗi tare da shi.

Ana cikin haka mai kayan kwamfuta ya iso a fusace, don zagin ya yi masa zafi. Yaya ma ta dawo. Mutumin ya leƙa bayan akwatin, ya ja tsaki.

"Ka ga irinta ko? In aka sa kati, tsohuwar kafar allo ta daina aiki. Ga sabuwar kafa nan ƙasa a jikin katin, nan ake mayar da kebul. Abin da nake son faɗa maka ke nan ka kashe min waya, mara kunya!"

Ya kashe kwamfutar, ya mayar da faifan, ya matsar da kebul ɗin ƙasa kaɗan, ya kunna. Nan take allo ya yi haske. Amma maimakon zane, layin rubutu ɗaya ne ya fito. Faifan kuma sai ƙas-ƙas yake yi kamar agogon da ya lalace.

"Me ya samu faifan nan?" ya tambaya.

Ya dubi lotsewar da ke gefen faifan, ya dubi siminti, sai muryarsa ta yi sanyi. "Hajiya, sai haƙuri. Yana juyi ya faɗi, cikinsa ya karce. Ban ga mai iya fito da komai daga nan ba."

Na zaci Yaya za ta yi ihu, kuma da ta yi da na taya ta. Ba ta yi ba. Ta zauna a kujerar injin, ta dubi ƙanenta. Shi kuwa mai bakin nan ya tsaya da sukudireba a hannu, ya kasa ɗaga ido.

"Yaya, wallahi ni gyara na so yi..."

"Na sani," ta ce. "Auta, sai yau na ji Baba ya tafi da gaske."

Sun zaga da faifan wurin masu gyara daban-daban, kowa ya dawo musu da shi. Injin yana nan, an sa wa kwamfutar sabon faifai, tana buɗewa da saurin da Auta ya so, sai dai babu abin buɗewa.

Darasin a fili yake. In abu ya ƙi aiki bayan ka taɓa shi, ka fara duba abin da ka canza, kuma ka bar wanda ya sani ya kai ƙarshen maganarsa. Abin da ba shi da madadi a killace shi kafin a ɗauki sukudireba. Matsalar Auta ƙarama ce, matsar da kebul kawai take buƙata. Fushinsa ne ya lalata abin da babu mai iya dawo da shi.